Ajiyar Baba a Kaset ɗin Japan

A layin masu gyara, in ka wuce mai ɗinkin takalma da mai yanka makulli, shago na uku na wani mai gyaran agogo ne da kowa ke kira Ɗan Japan. Bai taɓa zuwa Japan ba, ko filin jirgi bai taɓa takawa ba, kuma ko za ka sa masa wuƙa a wuya ba zai karanta maka harafi ɗaya na rubutunsu ba. Sunan ya samo asali ne daga ɗakinsa na gida, inda yake da kanta uku cike da tsofaffin kaset na wasan gem, irin waɗanda ake cusawa a na'ura a haɗa da talabijin, kuma duk cikinsu babu wanda ba na Japan ba. Siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, shekararsa hamsin ba ɗaya. Ba ya son hayaniya, ba ya cin abinci a kan teburin aiki, kuma in ka taɓa masa hantsaki ba da izini ba, ranar sai ka yi da-na-sanin shigowa shagon.

Abin gādo ne, ko da yake ba irin gādon da ake rabawa ba. Mahaifinsa bakaniken jirgin ruwa ne, yakan yi wata takwas, tara bai taka ƙasa ba. A wata dawowa, shekara talatin ke nan, ya shigo gida da kwali a hammata: na'urar gem ruwan toka da kaset guda ɗaya, tsarabar ɗansa daga Japan. Shi kuwa ɗan a lokacin yana da sha tara, gemu ya fara tsirowa, ya fara koyon agogo, yana jin kansa babban mutum. Ya dubi kwalin ya ce ai shi ya wuce wasan yara. Baba ya ɗora kwalin a kan kabad. Sai da injin jirgi ya murƙushe masa ƙafa, aka sallame shi daga aiki, zaman gida ya ishe shi, sannan ya sauke kwalin ya kakkaɓe ƙura ya haɗa da kansa.

Wasan irin na doguwar tafiya ne, mutum huɗu suna bin juna a layi, suna shiga gari suna fita, suna faɗa da dodanni, kuma komai da rubutu ake yin sa. Baba bai san ko alif na Japananci ba, amma bakanike ne, ba ya yarda inji ya fi shi taurin kai. Ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, duk kalmar da ya danna sai ya zana kamanninta ya rubuta abin da ta yi a gefe. Mai kama da ƙugiya biyu, magani. Mai kama da tsani, gudu. Haka ya yi ta rarrafawa shekara da shekaru, littafi ya cika ya ƙara wani. Sau da yawa in ɗan ya dawo daga shago sai Baba ya matsa gefe a kan kujera ya ce ya zo ya ga inda aka kai, shi kuma kullum amsarsa ɗaya, ya gaji, sai gobe. Ranar da Baba ya rasu, shekara goma sha takwas da suka wuce, mutanen nan huɗu suna tsaye a bakin wata babbar ƙofa, ta ƙarshe a wasan, ba su shiga ba.

Daga nan ne ciwon tara kaset ya kama Ɗan Japan. Ya fara ne da neman wani irin na Baba don ya koyi wasan ba tare da ya taɓa na asalin ba, daga ɗaya ya koma biyar, daga biyar ya daina ƙirgawa. Amma na Baba daban yake, a cikin gwangwanin biskit, nannaɗe da ƙyallen goge gilashi. Duk ranar ɗaya ga wata yakan fito da shi, ya kunna, ya ga ajiyar tana nan, wato inda Baba ya tsaya, ya dubi mutumin gaba mai jan rawani da ya ɗauka shi ne Baba, ya kashe. Ko taku ɗaya bai taɓa motsa su ba. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune da su a gidan, amma da ta ji kiɗan wasan sai ta tashi ta koma tsakar gida ta sami abin yi.

Shagon da ke kallon nasa na wani mai gyaran waya ne, ƙaton mutum mai dariya kamar ana mirgina ganga, wanda shi ma mahaukacin tsohon gem ne, sai dai shi na Turai kaɗai yake tarawa. Don haka 'yan layi suka raɗa masa Ɗan Turai. Shekara goma sha biyar suna musu ɗaya, ba wanda ya gaji. Ɗan Turai ya ce wane irin wahalalle ne zai tara abin da ba ya iya karantawa, mutum yana danne-danne kamar makaho a kasuwa. Ɗan Japan ya ce na Turai ai saura ne, an rage masa gudu, an ja kiɗan ya yi nauyi, an yanke wurare, an canza hoton kwali an sa wani ƙato mai kumburarren ƙirji da ba ya cikin wasan ma. Ɗan Turai ya ce na Japan arha ce ta ja shi, ba komai ba. Ɗan Japan ya ce shi wasa yake saye, ba kwali ba. Ko na'urorinsu ba sa ga maciji da juna, don ta Turai tana da wani makulli a ciki, ba ta karɓar kaset ɗin Japan.

Akwai abu guda da Ɗan Japan ke wa'azi a kansa har mutane suka haddace. Adaftar wutar na'urar Turai da ta Japan kamarsu ɗaya, baƙaƙe, bakinsu ɗaya, kowacce tana shiga ramin ɗayar lafiya lau. Amma wutar da ke fitowa ba iri ɗaya ba ce, in ka cusa ta Turai a na'urar Japan, ka kashe ta. Shi ya sa ya ɗaura jan zare a wuyan tasa. Duk wanda ya zo neman shawara sai ya ɗaga masa yatsa ya ce abu biyu: duba zare, kuma kada ka taɓa gwada na'ura da kaset mai daraja a ciki.

Tsoron ya shigo ne wata safiya, ta hanyar da bai zata ba. Yana da wani kaset da ya saya da ajiyar wani yaron Japan a ciki, wanda bai sani ba, ba zai kuma taɓa sani ba, ya bar ta ne kawai don ganin ba shi da hakkin gogewa. Makon jiya tana nan. Ranar ya kunna, wayam, gurbin ajiya uku babu komai.  Ya juya bayan kaset ɗin, ya ga shekarar da aka buga shi ɗaya ce da na Baba. Ya fi kowa sanin dalili, don sana'arsa ce: a cikin kowane irin wannan kaset akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, irin wanda yake sa wa agogon mutane kullum, shi ke riƙe da ajiyar. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi na ƙiftawar ido, komai ya tafi, babu mai dawo da shi.

Ya buɗe na Baba da sukudireba ta musamman, ya ɗora mitar auna wuta. Sabon batir uku yake nunawa. Wannan biyu da ɗigo uku ya nuna. Bayan mako biyu ya sake aunawa, biyu da ɗigo biyu. Daga ranar abinci ya daina masa daɗi. Yana cikin gyaran agogon wani sai ya tsaya ya zuba wa bango ido, yana jin kamar batirin na tsiyaya a cikin ƙirjinsa. Matarsa ta tambaye shi ko wani ne ba lafiya, ya ce a'a, ta ce to fuskarsa ta mai jinya ce. An gaya masa akwai wata 'yar na'ura da ke kwafe ajiya zuwa kwamfuta, ya yi oda, wata biyu shiru, kullum a ce tana hanya.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san ta sarai. A jona wani batir na taimako da siraran wayoyi biyu a ƙafafun tsohon, sannan a narkar da dalma a zare tsohon, a dasa sabo, a cire na taimakon. Aikin minti goma ne ga mai tsayayyen hannu. To, nan ne matsalar take, kuma nan ne sirrin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ba kullum ba, amma da ya kama hantsaki ya nufi ƙaramin abu sai yatsun su fara kaɗawa. Agogunan mata ƙanana ya daina karɓa, yana cewa idonsa ne. Sau uku yana kunna ƙarfen dalma a gida, ya kawo bakinsa kusa da kaset ɗin Baba, ya ga ƙarfen na lilo, ya ajiye, zufa ta jiƙa masa riga.

Ranar da mita ta nuna biyu da ɗigo ɗaya, ya haɗiye girman kansa. Ya zuba gwangwanin biskit da na'urar Baba da adaftarsa mai jan zare a jaka, ya tsallaka layi. Ɗan Turai ya gan shi da jaka ya fara tsiya, wai yau an zo tuba ne, an kawo kayan Japan a zubar? Ɗan Japan ya ajiye jakar. Ya ɗauki hantsaki a kan teburin, ya miƙa hannu a ƙarƙashin fitila, ya bar shi ya gani da idonsa. Dariyar ta tsaya cak. Ɗan Turai ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya tashi ya janyo ƙofar shago ya sa sakata, da rana tsaka, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun bara. Kai kaɗai ka sani."

"To, zauna. Kuma kada ka yi mini numfashi a wuya."

Wallahi minti goman nan sun fi wa Ɗan Japan shekara tsawo. Yana tsaye, don ya kasa zama, ya damƙe hannun dama da na hagu a bayansa. Ya ga an jona siraran wayoyin, ja da baƙa. Ya ga dalma ta narke ta yi ƙyalli, ƙafa ɗaya ta tsohon batir ta saki. Ta biyun ta ƙi. Ɗan Turai ya ɗan ja, jar wayar ta motsa, wani sauti ya kuɓuce daga bakin Ɗan Japan. Ƙaton ko ɗaga kai bai yi ba. Yatsun nan masu kauri, da kullum Ɗan Japan ke cewa sun fi dacewa da sauke buhu, suka zare tsohon suka dasa sabo ba ko gezau. Mita ta nuna uku da ɗoriya. Ɗan Turai ya mayar da murfi, ya share goshi, ya ce bari ya zaga baya ya wanke hannu, in ya dawo su gwada.

Da ya jira minti biyun nan, da labarin ya ƙare a nan. Amma mutumin da ya yi wata uku zuciyarsa a rataye ba ya iya jiran minti biyu. Ya fito da na'urar Baba, ya haɗa da talabijin ɗin shagon, ya fito da adaftarsa ya ajiye a kan tebur a tsakiyar tarkacen wayoyi, ya cusa kaset. Idonsa na kan talabijin, hannunsa na rawa, ya laluba ya kamo baƙar waya da ke kusa, ya ji bakinta ya shiga ramin daidai, ya tura makunni. Fitilar na'urar ta yi ja, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, hoton ya yi layi-layi, sai ɗif. Sai wari, irin warin da duk mai gyara ya sani tun kafin ya ga hayaƙi. Ya fizge wayar ya duba wuyanta. Babu zare. Tasa tana can gefe, ko a soket bai sa ta ba.

Ɗan Turai ya shigo yana yarfe ruwa, ya shaƙi iska, ya dubi wayar da ke hannun abokinsa, ya gane. Duk tsiyar shekara goma sha biyar tana bakinsa, ga dama ta samu wadda ba za ta sake samuwa ba, amma ya bar ta ta wuce. Ya zare kaset ɗin a hankali ya nannaɗe a ƙyallensa. Ɗan Japan kuwa ya zame ya zauna a kan kwalin fanko yana maimaita Innalillahi. Shi da ya koya wa layi duka, shi ne ya karya dokokinsa biyu a numfashi ɗaya.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne babu hanyar sani. Na'urar Japan ɗaya gare shi, ta Baba, bai taɓa sayen wata ba don yana ganin kamar cin amana ne. Na Ɗan Turai kuwa har huɗu, amma ba mai karɓar kaset ɗin. Ajiyar tana nan ko ta tafi, sai an ta da na'urar da ta ƙone. Kwana biyar Ɗan Turai yana kanta, yana korar masu waya. Kwana biyar Ɗan Japan yana zaune a shagonsa yana leƙen tsallaken layi, ko agogo ɗaya bai buɗe ba. Wani lokaci ya ce a ransa ai wutar ba ta kai ga kaset ba, na'ura ce ta shanye. Kan ka ce kwabo sai wata zuciyar ta tuna masa layi-layin da ya gani a talabijin. Ya tsorata da amsar har ya fara addu'ar kada gyaran ya yi sauri. A rana ta huɗu ya hango Ɗan Turai ya sauko da na'urarsa ta Turai mafi tsafta, wadda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya farke cikinta yana cire kaya yana dasawa a ta Baba.

Rana ta biyar da la'asar suka tafi gida tare. Ɗan Turai da kansa ya duba jan zare, ya nuna masa, ya kunna na'urar babu kaset, ta tashi. Sannan aka cusa na Baba. Kiɗan ya fito, mai saurin nan na Japan. Ɗan Japan ya danna. Gurbi uku, duka wayam.

 Can Ɗan Turai ya yi gyaran murya ya ce wataƙila hannunsa ne, ai an ga lokacin da jar wayar ta motsa, mai yiwuwa tun a nan ta tafi. Ɗan Japan ya san ƙarya yake don ya rage masa nauyi, ya kuma san ba zai taɓa tabbatarwa ba har ya mutu. Ya girgiza kai kawai. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da Baba.

Sai suka ji takun sanda. Inna ce a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa shigowa in kiɗan nan na tashi ba. Ta dubi talabijin, ta dubi ɗanta, ta tambaya ko mutanen nan huɗu sun tafi ne. Ya ce sun tafi, Inna, shi ya kashe su da hannunsa, ya yi shekara goma sha takwas yana gadin Baba a bakin ƙofar nan, ga shi ya sake binne shi. Ta taka a hankali ta zauna kusa da shi, a gefen kujerar da Baba ke matsawa.

"Wane ne Baban a cikinsu?" ta ce.

"Na gaba mana. Mai jan rawani."

"Wannan kai ne. Babanka shi ne na ƙarshe, gajeren nan mai gatari, wai shi ne gurgu, shi ke bin baya. Mai farar riga ni ce, ɗayar kuma ƙanwarka." Ta gyara riƙon sandarta. "Kuma ba ciwo ne ya hana shi shiga ƙofar ba. Ya kai wata bakwai a wurin da lafiyarsa. Cewa ya yi ba zai shiga ba sai mai jan rawani yana zaune kusa da shi."

 Da ƙyar Ɗan Japan ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta ce tsoro ta ji kada ta ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba, ta ga yana lallaɓa abin kamar ƙwai, sai ta yi shiru, shekara ta bi shekara. Ɗan Turai ya miƙe ya ce zai je ya duba shago, ya fita ya ja musu ƙofa.

Inna ta sa ya ɗauko littattafan Baba daga ƙasan gwangwani. A shafin farko na littafi na ɗaya akwai zane huɗu, sunayen da Baba ya haɗa wa mutanen wasan da haruffan da ba ya iya karantawa, ya zaɓe su ne don kamanninsu sun yi masa. Sau nawa Ɗan Japan ya ga shafin nan, bai taɓa tambayar kowa ba. Ya danna sabon wasa, allon haruffa ya fito yana jiran sunan mutumin gaba. Ya kai yatsa, yatsan ya yi ta kaɗawa, ya wuce harafin sau biyu, ya dawo ya sake wucewa.

Inna ta jingine sandarta, ta kama wuyan hannunsa ta danne a kan gwiwarsa, yadda take yi in za ta yanke masa farce yana ƙarami.

"Wancan ne, mai kama da ƙugiya," ta ce. "Danna, ina riƙe da kai."